Naira 70 da tukunyar 'yan firamare

Ina cikin matan da aka ɗauka su dafa wa 'yan firamare abinci lokacin da shirin ciyar da ɗalibai, wanda gwamnatin Buhari ta ƙaddamar a 2016, ya iso ƙauyenmu. Aka yi mana gwajin lafiya, muka buɗe asusun banki da lambar BVN, aka raba mana yaran aji 1 zuwa 3, kowane yaro naira 70 a rana. A cikin kuɗin nan za ki cire shinkafa da wake da manja da itace da ruwan 'yan garuwa da na mai babur, abin da ya rage shi ne ladanki.

Makon farko na sha kunya. Na auna abinci daidai da sunayen da ke rajista, sai na tarar da layi ya kai bakin katanga. Yaran da suka daɗe da barin aji sun dawo, wasu har da ƙannensu a goye. Kula ta ƙare, yara na tsaye da kwano. Daga ranar nake leƙawa wajen hedimasta da sassafe in ji yawan waɗanda suka zo kafin in zuba mudun ƙarshe, kuma ina rage tsiron ludayi a farkon layi don na ƙarshe ma ya samu.

Ranar ƙwai ce ta fi tsaya mini a rai. Akwai wata 'yar aji 2 da ba ta taɓa fasa nata a gabana ba, sai ta ƙulle shi a gefen hijabi. Na ce, "'Yata, me ya sa ba kya ci?" Ta ce, "Inna, na ƙanena ne, shi ba ya zuwa makaranta." 'Yan aji 4 kuwa suna bakin taga suna kallo, tunda lissafin bai kai kansu ba, alhali tare suka fito gida ba karin kumallo. Ƙanzon tukunya nake tara musu, ban taɓa iya komawa da shi gida ba.

Kasuwa ta koya mini nata karatun. Wake da gyaɗa da kaka ake sayensu a ajiye, wadda ta bari sai bazara ta sayi wahala. Na kuma gane cewa kada mace ta ɗora tukunya kafin alat ya shigo. Sau ɗaya na ci bashin buhun shinkafa a kan kuɗi na nan tafe, ya makara makonni, sai da na sayar da akuyata na biya. Da aka ƙara kuɗin zuwa naira 100 mun yi murna, amma farashin mudu ya riga ya tsere mana.

A Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da shirye-shiryen tallafin da ciyarwar ke ƙarƙashinsu, amma mu tukunyarmu ta huce tun kafin nan. Ina so ta dawo, har da 'yan aji 4 zuwa 6, a riƙa biya a kan lokaci. Rannan a tasha na haɗu da mai ƙwan nan da farantin gyaɗa a ka, ana tsaka da lokacin karatu. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce, "Inna, yaushe za ki dawo?"