Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Ƙauyen da Ya Kulle Kansa

Assalamu alaikum masu bibiyata. A makon jiya mun tsaya inda na samu lasisin tuƙi, aka ɗauke ni daga cikin birnin Sheffield aka mayar da ni ƙauyukan Derbyshire, ina bin tsofaffi gida-gida: wanka, karin kumallo, magani, sai 'yar hira idan lokaci ya bari. Yau a kan ƙauye ɗaya zan tsaya, domin a duk zamana na Ingila babu wurin da ya zauna mini a rai kamarsa. Sunansa Eyam.

Daga Sheffield tafiyar kamar rabin awa ce a mota, kana nufar kudu maso yamma, ka haura tudun da babu komai sai ciyawa da tumaki, sannan ka gangara ka tsallake kogin Derwent. Yankin shi ne Peak District, gandun ƙasa na farko da Birtaniya ta keɓe a 1951. Eyam na zaune ne a daidai inda duwatsu iri biyu suka haɗu. Ta arewa akwai tsauni mai duhun dutse da ya tsaya wa garin kamar garkuwa, ta kudu kuma farin dutse ne, da wani kwazazzabo mai zurfi da ake kira Middleton Dale, inda aka daɗe ana fasa dutse. A ƙarƙashin ƙasar akwai dalma, kuma haƙarta ce ta ciyar da mutanen garin ɗaruruwan shekaru. Gonaki duk an raba su da katangar duwatsu da aka jera ba siminti ba laka, ga su nan tsaye tun kaka da kakanni.

Cikin waɗanda nake kula da su akwai wata tsohuwa, haifaffiyar garin, wadda nake kira Iya, ita ma ta saba da sunan har tana amsawa. Ita ta fara fahimtar da ni abin da suke kira gundumar coci. A da, ƙasar Ingila kaf a yanke take gunduma-gunduma, kowace da cocinta, da limaminta, da iyakarta da kowa ya sani. A nan ake raɗa maka suna, a nan za a ɗaura maka aure, a nan za a binne ka. Tun 1538 aka wajabta wa kowane coci ya ajiye littafin da zai rubuta waɗannan abubuwa uku, kuma dokar 1601 ta ɗora wa kowace gunduma ɗawainiyar matalautanta. Sai a 1894 aka raba harkar mulki da ta coci, aka kafa ƙananan majalisun ƙauye da ke aiki har yau. Garin Eyam kansa ya girmi duk waɗannan dokoki, domin yana cikin babban kundin ƙidayar ƙasa na 1086, kuma a harabar cocinsa na St Lawrence akwai wani sassaƙaƙƙen dutse da ya haura shekara 1000.

Abin da ya fitar da sunan garin duniya kuwa annoba ce. A 1665 annobar ɗa'un na cin mutane a Landan. Aka aiko wa telan Eyam ɗaurin yadi daga can, yaron shagonsa George Viccars ya kwance, ya ga da danshi, ya shanya a gaban wuta. Ana kyautata zaton ƙumar da ke ɗauke da cutar a cikin yadin ta zo. Ranar 7 ga Satumba 1665 aka binne shi. Daga nan cutar ta bi maƙwabta ɗaya bayan ɗaya, ta ɗan lafa da hunturu, sannan ta dawo da ƙarfi da bazarar 1666.

Limamin cocin a lokacin, William Mompesson, matashi ne kuma baƙo, a 1664 ya zo. Mutanen garin sun fi amincewa da tsohon limaminsu Thomas Stanley, wanda aka tsige saboda ya ƙi bin tsarin ibadar da gwamnati ta shimfiɗa bayan dawowar mulkin sarki a Ingila a 1660. Mutum biyu ne da aƙida ta raba, ɗaya ma yana zaune a kujerar ɗaya. Amma suka haɗa kai, kuma a watan Yuni 1666 suka shawo kan jama'a aka amince da abu uku. Za a rufe coci a koma ibada a fili, a wani kwari da ake kira Cucklet Delf, kowane iyali nesa da wani. Kowa zai binne mamacinsa da kansa kusa da gida. Sannan babu mai fita daga iyakar garin, babu mai shigowa.

Da Iya ta zo nan a labarinta, sai na ce mata, "Iya, ai wannan umarnin Annabinmu ne." Na faɗa mata hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, cewa idan kun ji ɗa'un a wata ƙasa kada ku shige ta, idan kuma ta ɓarke kuna ciki kada ku fita don gudunta. Na ba ta labarin Sayyidina Umar da ya juya daga hanyar Sham saboda annoba. Ta yi shiru, sannan ta roƙe ni in rubuta mata a takarda. Ni kuwa tun ina Islamiyya na haddace hadisin, amma a ƙauyen nan na fara ganin abin da bin irin wannan umarni ke ci wa mutum.

Wata ranar hutu na taka da ƙafata zuwa dutsen iyaka da ke tsakanin Eyam da Stoney Middleton. Dutse ne ba wani babba ba, an huda ramuka a kansa. A cikin ramukan mutanen Eyam ke zuba ruwan khal su jefa kuɗi a ciki, da nufin tsarkake kuɗin daga cutar, maƙwabta su ajiye abinci su ɗauki kuɗin su juya. Basaraken Devonshire da ke Chatsworth shi ma ya riƙa aiko da abinci da magani, ana ajiyewa a irin waɗannan wurare, ciki har da wata rijiya a arewacin gari da har yau ake kiranta da sunan Mompesson. Daga dutsen kana hango hanya a buɗe, ba katanga ba soja. Duk wanda ya so, cikin dare zai sulale.

Watan Agusta 1666 shi ya fi muni, sama da mutum 70 suka rasu a cikinsa. Catherine, matar Mompesson, wadda ta ƙi barin mijinta, tana cikinsu, kabarinta na harabar cocin. Amma wadda ta hana ni barci ita ce Elizabeth Hancock. Cikin kwana 8 ta binne mijinta da 'ya'yanta shida, ita kaɗai ke jan gawa zuwa gona. Kaburburan suna nan a wani fili a gabashin gari, an zagaye su da 'yar katanga, ana kiransu Riley Graves. Na tsaya a wurin na karanta sunayen da ranakun, na yi kuka sosai. Ni uwa ce, kuma a lokacin 'ya'yana biyu suna Katsina wajen mahaifiyata.

A ranar 1 ga Nuwamba 1666 aka yi rasuwar ƙarshe. Mutum 260 ake lissafawa annobar ta kashe cikin wata 14.

Akwai abin da bai kamata in ɓoye muku ba. Kafin a kulle garin, masu hali sun riga sun fice, kuma shi kansa Mompesson ya tura 'ya'yansa biyu wani wuri. Talaka mai haƙar dalma, wanda barin gida na nufin barin abincinsa, shi ya zauna. Wasu masana ma na ganin kullen ya ƙara yawan mace-mace a cikin garin. Duk na yarda. Amma a ganina wannan ƙara wa talakawan nan daraja ya yi, domin su ne suka biya da rayukansu, garuruwan kewaye suka tsira. Har yau duk Lahadin ƙarshe ta Agusta ana taruwa a Cucklet Delf don tunawa da su, kuma a lokacin korona 'yan jarida sun yi ta tururuwa garin.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne sunaye. A jikin gidajen dutse da ke kusa da coci an kafa alluna: wane ya rasu a nan ranar kaza, yana da shekara kaza. Jariri, bara, tela, kowa da layinsa, saboda wani ya zauna cikin tsakiyar mutuwa yana cika littafin gunduma. Mu ma mun ga annoba. Sanƙarau na 1996 ya ɗauke mana yara uku a gidanmu na gado, kuma da na zauna in tuna, sunan ɗaya kawai ya zo mini. A daren na kira Katsina. Na ce, "Umma, don Allah ki lissafo mini duk wanda ya rasu a gidan Baffa, da shekarar da kike tunawa." Ta yi mamaki, amma ta fara, ina rubutawa a bayan littafin aikina. Mun kai tsakar dare, muna yi wa kowa addu'a da sunansa. Daga baya na sayi littafi na musamman, kuma ƙanwata ce ke zagaya tsofaffin danginmu tana cike mini gurabe.

Hunturu na shigowa jikin Iya ya fara rauni, 'yarta ta taso daga Manchester da maganar mayar da ita gidan kula da tsofaffi, ita kuma ta ce ba ta barin gundumar da aka haife ta. Yadda na tsinci kaina a tsakiyar wannan rigima ta uwa da 'ya, shi zan kawo muku mako mai zuwa in Allah ya kai mu.