Farfaɗo da Tankin Kifin Ado Bayan Cuta Ta Kashe Kifaye

A nan Jos, hunturu lokaci ne mai haɗari ga kifayen ado, domin sanyin daren Disamba da Janairu yana raunana su, musamman idan wuta ta ɗauke, na'urar ɗumama ruwa ta tsaya. Cutar da na fi gani ita ce mai sa fararen ɗigo kamar gishiri a jikin kifi.

Abin da ke damuna shi ne gaggawar sayo sababbin kifaye tun ruwan bai tsarkaka ba. Ƙwayar wannan cuta ba ta daɗewa idan ba ta sami kifi ba, saboda haka idan aka kwashe matattun, aka bar tankin da ruwansa ba kifi na mako 2, zafin ruwan yana kan digiri 30, za ta mutu da kanta. Kada a kashe matatar ruwan, domin a cikin sosonta ne bakteriya masu amfani suke zaune, su ne ke sarrafa gubar amoniya da ke fitowa daga kashin kifi. A riƙa jefa ɗan abincin kifi don kada bakteriyar su ƙare.

Idan kuwa ba a gane cutar ba, gara a wanke komai da ruwan bilic, ban da sabulu, a ɗauraye sosai, a shanya. Wannan yana kashe masu amfanin ma, sai an jira mako 4 zuwa 6 kafin su dawo. Ruwan famfo yana buƙatar maganin cire kulorin, sababbin kifaye kuma a killace su a mazubi daban na aƙalla mako 3.