Asabar a gindin babur: boris, sarƙa da lambar inji

Tun daren jiya na ce kada kowa ya tayar da babur ɗin, don ina so in same shi da sanyinsa. Ba a auna tazarar bawul a inji mai zafi, ƙarfe yakan buɗe, awon ya fito ƙarya. Gari na wayewa na turo shi fili, na shimfiɗa tsohon buhu, na jera sifanu. Ɗan yayana, wanda kwanan nan ya ƙwallafa rai a kan aikin inji, ya riga ni fitowa da tocila a hannu.

Na cire murfin saman inji da ƙananan marafa biyu na gefen hagu, na juya injin a hankali har alamar T, mai nuna fistin ya kai ƙarshen sama, ta zo daidai da tsagar dubawa, a zagayen da bawul biyu suke rufe. Na shan mai yana nan lafiya. Na fitar da hayaƙi kuwa ya matse, siririn ƙarfen awo na 0.05 ma da ƙyar ya shiga. Na fi tsoron wannan a kan ƙarar tak-tak da mutane ke kuka da ita. Bawul mai ɗan ƙara yana gaya maka yana da wurin motsi. Wanda ya matse shiru yake yi, ba ya zama sosai a mazauninsa, ba ya sauke zafi, wata rana sai ka tarar ya ƙone. Na mayar da duka biyun 0.08 na milimita, awon da Honda ta ba CG125.

Yaron ya ce, "Kawu, ai wannan ba Honda ba ne, me ya haɗa shi da awon Honda?"

Na nuna masa gefen injin ta ƙasa, inda aka buga 167FMM. Na ce masa ya manta da sunan da ke jikin tanki, don fenti ne kawai, wannan lambar ita ce sunan babur ɗin na gaskiya. 1 na nufin silinda ɗaya, 67 faɗinta ke nan a milimita, F na nufin iska ke sanyaya shi, sauran haruffan kuma suna cewa injin babur ne na ajin 250. Ko da yake an rubuta 250 a jikin roba, in ka lissafa faɗin 67 da tafiyar fistin 65, girman cikin silindar da za ka samu cc 229 ne. Asalinsa injin CG125 ne da Honda ta fitar a 1975, wanda ta ƙera musamman saboda masu hawa da ba sa sauya baƙin mai a kan kari, suna kuma labta wa babur kaya. Aka sa masa sandunan da ke tura bawul daga ƙasa a maimakon sarƙar da ke hawa can sama, aka rage duk abin da zai iya lalacewa. Daga baya masana'antun Sin, irin su Lifan da Zongshen da Loncin na birnin Chongqing, suka yi ta ƙera irinsa a girma daban-daban: 156FMI shi ne na 125, 162FMJ na 150, 163FML na 200. Shi ya sa kayan cikin inji ba su taɓa hana ni barci ba. Gasket, fistin, faifan kuloci, fulogi D8EA, kafireta irin PZ30, duk suna nan birjik, in dai lambar ka nema.

Na tayar da shi ya ɗan ɗumama, sannan na kwance babban murfin nan na ƙasa na juye mai. Wannan injin ba shi da matatar takarda. 'Yar raga ce kawai da sifirin a bayan murfin, sai wata matatar da ke juyawa a cikin murfin dama, wadda take wurga datti gefe. Tun da haka ne, man shi ke ɗauke da ƙazantar injin, kuma lita ɗaya ne da ɗan kai, don haka ba na jira ya yi baƙi ƙirin, balle babur ɗin da rabin rayuwarsa a ƙura yake. Ragar ta fito da ɗan garin ƙarfe kaɗan, ba na tashin hankali ba. Na wanke ta da fetur. Man da nake zubawa sai na ga JASO MA a jikin galan. Kulocin babur a cikin mai yake wanka, kuma wasu man mota na zamani suna da sinadarin rage gogayya da ke sa shi sulɓi a hawan tudu. Masu ƙera ababen hawa na Jafan sun fito da wannan ma'auni a 1998 saboda wannan matsalar.

Sai babban aikin yau. A fitar da na yi ta ƙarshe na ji bayan babur yana ɗan karkaɗawa a kwana, kamar taya ba iska, alhali iska na nan. Muka ɗaga shi a kan kututture, na kama tayar baya sama da ƙasa na girgiza. Ga wasan nan, har da ɗan ƙas-ƙas. Muka zare sandar taya, na sa yatsa cikin boris na juya: na ɓangaren sarƙa yana tafiya da gargada, ruwan tsatsa na tsatstsafowa daga ƙarƙashin robarsa. Ruwa da laka ne suka ci shi. Na tura bututun da ke tsakaninsu gefe, na bi da dogon ƙarfe ta ɗaya ɓangaren na fito da su a hankali, bugu nan, bugu can, don kada su karkace su ci mazaunin.

Na goge robar da tsumma, lamba ta fito: 6302-2RS. Daga nan babu sauran ruwana da sunan babur. Boris ɗin nan awonsa ɗaya ne a duk duniya, ko a injin niƙa yake ko a famfon ruwa: ramin ciki milimita 15, faɗin waje 42, kauri 13. Lambobi biyu na ƙarshe su ke faɗin ramin: 00 milimita 10 ne, 01 na nufin 12, 02 na nufin 15, 03 na nufin 17, daga 04 zuwa sama sai ka ninka da 5. Shi kuma 2RS, robar rufi ce gaba da baya. Akwai mai murfin ƙarfe da ake rubuta wa ZZ, ya yi kyau a injin da ke cikin ɗaki, amma ba zan sa shi a tayar da ke tsallaka rafi ba.

Wajen hantsi na ari babur ɗin Yaya na fita, da tsoffin boris da takalman birkin gaba a cikin leda. Boris ɗin ban neme shi wajen masu kayan babur ba, na nufi masu sayar wa injinan masana'antu. Dattijon da na samu ya karɓi tsohon, ya ɗaga shi ga haske, bai tambaye ni ko na mene ne ba. Ya ɗauko iri biyu ya ajiye.

"Malam, wanne za a ba ka? Wannan ya ninka wancan kuɗi."

Na ce, "Baba, na taya ne, kuma daji nake shiga da shi."

Ya janye mai arahar ya mayar cikin kwali, bai ƙara magana ba. Na ji daɗin wannan ƙwarai. Na dai duba rubutun jikin ƙarfen da na kwalin, don jabun boris masu ɗauke da sunan manyan kamfanoni sun yi yawa a kasuwa, kuma kamfanonin da kansu suna gargaɗi a kai. Abin da ya fi kwantar min da hankali shi ne saye a hannun wanda masu injina ke komawa wurinsa.

Takalman birki su suka cinye min rana. Boris yana da lamba, sarƙa tana da lamba, inji yana da lamba, amma sauran jikin babur mai araha kowa da inda ya tsinto nasa. Masana'anta ɗaya za ta ƙera, masu shigo da kaya su liƙa masa sunaye daban-daban, kuma ko a suna ɗaya na bana zai iya zuwa da birkin da ba irin na bara ba. Duk wanda na faɗa wa sunan sai ya girgiza kai, ko ya miƙo min wani ya ce ai duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Na ɗora tsohon a kan sabon a wurare da dama: wani ramin ya yi daidai amma kunnen ya fi tsawo, wani kaurin ya wuce. Wani matashi ya ce zai goge min kunnen da dutsen wuta ya shiga. Na yi masa godiya na wuce. Robar gefe ko madubi ko marikin kuloci, zan sayi mafi araha in ɗaure da waya in ta kama. Birki da taya da boris da sarƙa, a nan ne nake kashe kuɗin da na rage wajen sayen babur ɗin, kuma ba na yarda a sassaƙa min su. Mutane suna yi wa irin waɗannan babura dariya, suna cewa ba sa ƙarko. A ganina yawancin waɗanda suka mutu da wuri, ba injin ne ya gaza ba. Giris ne babu tun daga kwali, notuna ba a ɗaure ba, sai kuma kayan gyaran da aka cusa da guduma.

Da azahar na dawo. Na sa sababbin boris a firiza, muka juya kan faifan haƙoran baya da sarƙa, waɗanda suka iso ta oda tun ranar Laraba. Tsohuwar sarƙar na auna ta a miƙe: gaɓa 20 a sarƙa mai lamba 428 milimita 254 ne in sabuwa ce, tun da kowace gaɓa 12.7 ce. Tawa ta kusa 260, ta wuce kashi 2 cikin 100, haƙoran faifan kuma sun fara lanƙwasa gefe guda. Ba a sa sabuwar sarƙa a kan tsoffin haƙora, cinye ta za su yi, don haka har na gaba na sauya. Lokacin yin odar sai da na auna faɗin ramin tsakiya da tazarar ramukan noti huɗu na aika wa mai sayarwa, na ce ya auna nasa ya turo hoto. Yau faifan ya zauna ɗaram.

Na baya na ƙara masa haƙora, daga 45 zuwa 50, na gaba yana nan a 17. Wato ƙarfin ja ya ƙaru da kusan kashi 11 cikin 100, gudun kwalta kuma ya ragu da kwatankwacin haka. Na yarda da cinikin. Inda nake bi, giya ta ɗaya ta yi min tsawo, kullum hannuna na kan kuloci a cikin duwatsu, shi kuma yana ƙonewa a banza.

Da muka zo sa boris na ɗumama cibiyar tayar, na ɗauko su da sanyinsu, na ɗora soket ɗin da ya yi daidai da zoben waje. Yaron ya ɗauko ƙarami wanda zai hau zoben ciki. Na riƙe hannunsa na ce a'a, in bugun ya bi ta ƙwallayen, sai su yi tabo a hanyarsu, sabon boris ya zama tsoho tun bai yi tafiya ba. Na sa shi ya riƙe bututun tsakiya a hannu har muka gama ɓangare ɗaya, don in aka manta shi a ƙasa, ɗaure sandar taya kawai zai matse boris ɗin ya kashe su. Ya saka shi da kansa. Na shafa giris mai jure ruwa a kan robobin da jikin sandar.

Sarƙar ta zo da tsawo, na rage ta, na sa makullin gaɓar ƙarshe da rufaffen bakinsa yana kallon inda sarƙa ke tafiya. Wajen ɗaure ta na ɗan daɗe. Babur ɗin daji ƙafarsa ta baya tana da doguwar tafiya, kuma sarƙa ta fi tsauri a lokacin da faifan gaba da mahaɗar ƙafar da sandar taya suka zo layi ɗaya. Na sa yaron da Yaya suka danne bayan har ya kai nan, na tabbatar akwai sauran sassauci, sannan na ɗaure. In ka gan ta a tsaye za ka ce ta yi sako-sako, amma haka ake so. Wayoyin taya na bi su da sifana ina ƙwanƙwasawa, guda biyu suka yi ƙarar da ba ta fita, na ja kowanne da kwatan juyi. Soson matatar iska na wanke, ya bushe, na shafe shi da mansa na matse. Notunan faifan baya da na salansa na ɗiga musu shuɗin gam na noti, don wannan injin akwai jijjiga.

Bayan la'asar na fita gwaji a turbar ƙasa, ban yi nisa ba saboda birkin gaba. Karkaɗawar ta tafi gaba ɗaya. A ɗan tudun da na saba hawa da giya ta ɗaya ina wasa da kuloci, yau da ta biyu na haye. Na tsaya na taɓa cibiyar taya, ɗumi kawai, babu zafi. Da na dawo sarƙar ta ɗan saki kamar yadda sabuwa take yi, na ƙara ja kaɗan.

Da daddare na ɗora takalmin birkin a kan farar takarda na zana shi, na rubuta tsawo da faɗi da tazarar ramukan, na ɗauki hoto da ma'auni a gefe. Akwai kamfanonin birki da ke buga kundin kayansu da zane da awon kowane takalmi, na zauna ina bi shafi-shafi a waya. Na sami biyu da suka yi kama sosai, bambancinsu a kauri ne. Gobe da safe zan cire ɗaya ɓarin in auna kaurin ƙarfensa kafin in yi oda, kuma zan sayi saiti biyu. Saura kusan milimita 1 a jikin na yanzu, don haka babu shiga daji sai sun iso.