Kwamfutoci uku, gida ɗaya, babu gaisuwa

Jiya har ƙarfe 1 na dare ina fama. Hotunan bikin ƙanwarmu suna kan tsohuwar kwamfutata mai Ubuntu (tsarin aiki ne irin Windows), Yaya yana son su a MacBook ɗinsa, ni kuma a laptop mai Windows. Wi-Fi ɗaya, amma kamar kishiyoyi, kowacce ta ɗauke kai.

Na saka Samba a Ubuntu, wato manhajar da ke ba sauran kwamfutoci damar ganin folda ta Wi-Fi, na buɗe foldar. Windows ta nemi kalmar sirri, na ba ta wadda nake shiga Ubuntu da ita, ta ƙi, na sake, ta ƙi. Ashe Samba nata kundin daban ne, sai ka rubuta umarnin smbpasswd -a da sunanka a Ubuntu ka ba ta tata. Wannan kaɗai ya ci min awa biyu, wallahi.

Ɗayan kuma sakacina ne: a saitin Windows na bar Wi-Fin gida a Public, wato kamar na wurin jama'a, shi ya sa laptop ɗin take ɓuya. Na mai da shi Private.

Mac ba ta ja ba. Ka danna Command da K a Finder, wurin duba fayilolin Mac, ka rubuta smb:// da lambar IP, wato adireshin kwamfutar Ubuntu a Wi-Fi, shi ke nan.

Yaya sai cewa yake, "Ƙane, kawo filashi mu huta mana." Na ƙi, taurin kai. Hotunan suna fara wucewa aka ɗauke wuta.