Sati na bakwai: matsalar tsayawa ta zauna min a kai

Assalamu alaikum 'yan uwa abokan karatu. Ga inda na kwana a wannan satin, kuma gaskiya tun da na fara wannan fannin na kimiyyar kwamfuta babu satin da ya yi min daɗi kamarsa, don abin da na yi wata guda ina haddacewa ba tare da ya shige ni ba yanzu kam ya zauna, wato matsalar tsayawa: ko akwai hanya guda ta gane cewa kowane firogiram zai tsaya ko zai yi ta gudu har abada.

Da farko dai na gama ɗan firogiram ɗin da na ce muku ina rubutawa da Python, mai kwaikwayon injin Turing, wato injin tunani da masanin lissafi Alan Turing ya siffanta, mai karatu da rubutu a kan dogon tef bisa 'yan dokoki. Kafin in yarda da shi sai da na gwada da hannu, na zana tef a takarda na raba shi gida-gida duk sifili, na ɗauki inji mai hali biyu kacal (hali shi ne yanayin da injin yake ciki, wanda shi da abin da ya karanta a tef ke gaya masa abin yi na gaba), ina gogewa ina rubuta 1 ina matsar da yatsa dama ko hagu. Taku 6 ya yi ya tsaya, ya bar 1 guda huɗu a jere. Da na saka shi a kwamfuta ita ma ta ba ni 6 da 4, nan hankalina ya kwanta. Don Allah duk wanda bai taɓa yi da fensir ba ya gwada ko sau ɗaya ne, yadda yatsanka ke kai da kawowa a kan tef ɗin nan yana koya maka abin da karatu kaɗai ba zai ba ka ba.

To daga nan ne na ce bari in ƙara masa wani sashe da zai riƙa gaya min ko inji zai tsaya ko ba zai tsaya ba. Dabarar da na yi ita ce wadda kowa zai fara kawowa, na sa iyaka, in inji ya wuce taku 1,000 bai tsaya ba sai a rubuta cewa ba ya tsayawa. A kan injuna masu hali huɗu da aka fara da tef fanko abin yana tafiya daidai, saboda a cikin masu tsayawa wanda ya fi daɗewa taku 107 yake yi. Sai na saka masa zakaran masu hali biyar, wanda Marxen da Buntrock suka gano a 1989, nan take firogiram ɗina ya yanke masa hukuncin cewa ba ya tsayawa, alhali yana tsayawa, sai dai bayan taku 47,176,870. Na cire iyakar na zauna ina jira, ya yi ta gudu ya yi ta gudu, can sai ga shi ya tsaya, na ƙirga 1 ɗin da ya bari, 4,098 cif. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Hali ɗaya tak aka ƙara fa, daga 107 aka yi wannan tsallen.

Wannan lissafin, wato taku mafi yawa da inji mai tsayawa zai yi ga kowane yawan hali, shi ake kira Busy Beaver, Tibor Radó ne ya kawo shi a 1962, kuma a nan ne idona ya buɗe. Na ce to ai da ina da hanyar lissafa wannan adadin ga kowane yawan hali da shikenan, sai in sa shi ya zama iyaka, duk injin da ya wuce shi na san har abada ba zai tsaya ba, ka ga na warware matsalar tsayawa kenan. Tunda kuwa an tabbatar ba ta warwaruwa, ashe shi ma adadin babu algoridim, wato tsayayyen jerin matakai, da zai lissafa shi gaba ɗaya. Da kaina na iso wurin nan kafin in gani a rubuce, shi ya sa ya zauna min.

Ita hujjar da Turing ya kafa tushenta a 1936 ga yadda nake faɗa wa kaina ita yanzu. A ce akwai wani firogiram, mu sa masa suna Alƙali, ka miƙa masa kowane firogiram da abin da za a shigar masa, ya ce maka zai tsaya ko ba zai tsaya ba, ba ya kuskure kuma shi kansa kullum sai ya ba da amsa. Sai ka rubuta wani, Ɗan Gardama, aikinsa in an ba shi firogiram ya je ya tambayi Alƙali me wannan firogiram ɗin zai yi in aka ba shi kod ɗin kansa, in Alƙali ya ce zai tsaya sai Ɗan Gardama ya shiga zagaye marar ƙarshe, in ya ce ba zai tsaya ba sai ya tsaya nan take. Yanzu ka ba Ɗan Gardama kod ɗin kansa. Duk abin da Alƙali ya faɗa akasinsa ne zai faru, gaba kura baya sayaki. Saboda haka tun asali babu Alƙalin.

Kuskuren da na daɗe a ciki, na ga wasunmu ma suna yi, shi ne ɗaukar cewa matsala marar yankuwa tana nufin mai tsananin wuya, ko wadda kwamfutocin yanzu ba su da ƙarfinta. Ba haka ba ne sam. Maganar ita ce babu algoridim guda ɗaya da zai amsa dukkan tambayoyin dangin daidai. Ɗaiɗaiku kam ana amsa su, ai shi ya sa a 2024 gungun masu bincike da 'yan sa kai suka iya tabbatar da cewa 47,176,870 ɗin nan shi ne ƙarshe ga masu hali biyar, aka tantance hujjar da manhajar Coq mai duba hujjojin lissafi.

Kuskure na biyu a wajen juya matsala zuwa wata ne, na ɓata shafi uku ina yinsa a baibai. In kana son nuna sabuwar matsala ba ta yankuwa, cewa za ka yi da ina da mai warware sabuwar, da na yi amfani da shi na warware matsalar tsayawa. Ni kuwa ina ta nuna cewa mai warware matsalar tsayawa zai warware sabuwar, wanda bai tabbatar da komai ba. Da na gyara wannan sai ƙa'idar Rice ta 1953 ta zo min da sauƙi, wato duk tambayar da ta shafi abin da firogiram yake lissafawa, in dai wasu firogiram suna da siffar wasu ba su da ita, ba ta yankuwa.

Abin da ya fi taɓa zuciyata a karatun tarihin shi ne matsala ta goma cikin 23 da masanin lissafi David Hilbert ya jera a 1900, inda ya nemi hanyar gane ko lissafin Diophantine, wato lissafin daidaito na cikakkun lambobi da tarawa da ninkawa kamar x² + y² = z², yana da amsa a cikakkun lambobi. Shekara 70 ana fama, Martin Davis da Hilary Putnam da Julia Robinson suka share hanya, sai a 1970 Yuri Matiyasevich yana ɗan shekara 22 ya ƙarasa da lambobin Fibonacci (jerin da kowace lamba jimlar biyun da suka gabace ta ce), amsar kuma ita ce babu irin wannan hanyar. Amma kar mu ɗauka komai haka yake, Presburger ya nuna tun 1929 cewa lissafin lambobi da tarawa kawai, ba ninkawa, yana yankuwa. Ninkawar ce in ta shigo take rikita lamarin, kuma wannan iyakar ita nake son in fahimta sosai nan gaba.

Sati mai zuwa in Allah ya kai mu matsalar jera katuna ta Emil Post ta 1946 zan kama. Har na yanka katunan, kowanne da rubutu sama da ƙasa, ana so a jera su layin sama ya yi daidai da na ƙasa, kuma an yarda a maimaita kati. Na fara da guda biyu, ɗaya "ka" a sama "k" a ƙasa, ɗayan "ra" a sama "ara" a ƙasa, in ka jera su sama da ƙasa duk "kara" suke bayarwa. Wanda ya riga ni yin hujjar yadda ake cusa tafiyar injin Turing cikin katunan nan, don Allah ya nuna min yadda ya tsara katin farko, a nan zan fara.