Wasiƙa daga Miyami: mai zanen da ya ɗora iskokin ƙasarsa a kwale-kwale

Assalamu alaikum ƴan uwa na gida, da fatan kowa na lafiya, ya iyali ya haƙuri da tsadar rayuwa. Yau ba maganar biza ko canjin dala na zo da ita ba, labarin wani bawan Allah zan ba ku, ɗan ƙasar Haiti mai zane da sassaƙa, sunansa Edouard Duval-Carrié, wanda ɗakin aikinsa ke nan Miyami a unguwar da ake ce wa Little Haiti.

An haife shi a Port-au-Prince a 1954. Yana yaro iyayensa suka kwashe su zuwa Puerto Rico saboda mulkin François Duvalier, wanda ake kira Papa Doc, mutumin da ya hau mulki a 1957 ya riƙe ƙasar da ƴan ta'addarsa masu baƙin tabarau, Tonton Makut. Daga baya ya yi karatu a Montreal ta Kanada, ya zauna a Faris, sannan ya tare a Miyami farkon shekarun 1990. Kun ga kenan yawancin rayuwarsa a waje ya yi ta, amma wallahi in ka kalli aikinsa sai ka rantse bai taɓa kwana ɗaya a wajen Haiti ba.

Ni na fara ganin aikinsa ido da ido a 2014 a gidan adana kayan zane na Pérez da ke bakin ruwa. Manya-manyan faifan alminiyom ne, baƙi ƙirin, ya bi su da ƙyalli ruwan azurfa irin wanda mata ke sa wa a lalle ranar biki, itatuwa da ruwa da duhun daji duk suna walƙiya, in ka matsa gefe kaɗan sai hoton ya canza maka. Tsoffin zanen da Turawan Amurka suka yi wa yankin Karibiyan, inda Haiti take, a ƙarni na 19 ya ɗauko, waɗanda suka nuna ƙasar kamar aljanna ce da ba kowa a cikinta sai jiran mai zuwa ya mallaka, shi kuma ya mayar da su dare, ya cusa wasu halittu marasa fuska a tsakanin itatuwan suna kallonka. Na fi minti ashirin a gaban guda ɗaya ban motsa ba.

Amma wanda ya fi tsaya min a rai shi ne zanensa na lwa, wato iskokin addininsu na Vodou. Ku gane ni, ni Musulmi ne ba ruwana da bautar iska, sai dai duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san labarin bori, kuma abin mamaki su ma wanda iska ta hau doki suke ce masa da yarensu, kamar dai yadda ake faɗa a wajenmu. To shi sai ya zana iskokin nan sun cika kwale-kwale suna barin Haiti, da kwalliyarsu da komai, sun nufi gaɓar Florida, jihar da Miyami take, kamar sauran talakawan da ke kasada da ransu a teku. Ma'ana wahala ta kai har abin da mutane suka dogara da shi ya tattara ya bi su gudun hijira. Da na ga wannan sai na tuna yaranmu da ke bi ta Agadas zuwa Libiya, ƙirjina ya yi nauyi.

Ba ya tsoron masu mulki kuma. Akwai zanensa mai suna Mardigras au Fort Dimanche, Fort Dimanche ɗin nan gidan yari ne da aka hallaka mutane da yawa a ciki, ya jera iyalan Duvalier kowa da baƙin tabarau, shi kuma ɗan, Jean-Claude da ya gaji ubansa a mulki aka kore shi a 1986, ya sa masa rigar amarya da bindiga a hannu. Har firam ɗin hoto ba ya bari haka nan, sassaƙa shi yake ya lilliƙa masa abubuwa ya zama ɓangaren labarin.

Kar ku ɗauka Haiti ta yi mana nisa. A takardun gonakin rake na zamanin da Faransa ke riƙe da ƙasar, an rubuta Hausawa cikin bayin da aka kai can, kuma bayin nan ne suka yi bore a 1791 har suka kafa ƙasarsu ranar 1 ga Janairu 1804, Faransa ta ƙaƙaba musu biyan faran miliyan 150 a 1825 wai diyya. Shi kansa Duval-Carrié ya je Ouidah a Jamhuriyar Benin, nan maƙwabta, ya yi aiki a bikin al'adun Vodou mai suna Ouidah 92, a garin da aka riƙa loda kakanninsu a jirgi.

Akwai wata dattijuwa ƴar Haiti da muke aiki tare, na nuna mata hoton kwale-kwalen a wayata lokacin hutun cin abinci, ta karɓi wayar ta daɗe tana kallo, tana nuna min su ɗaya bayan ɗaya da yatsa tana faɗin sunayensu, sannan ta ce min ita ma ta ruwa ta zo.

A gaida kowa da kowa, a sa mu a addu'a.

Naku,
ɗan uwanku a Miyami