Ido ba mudu ba: abin da na koya a makarantar bazara ta binciken gani

A jihar Hesen ta ƙasar Jamus, kusa da garin Marburg, akwai wani ƙauye mai suna Rauischholzhausen, wanda sai da na kwana uku a cikinsa kafin harshena ya iya furta sunan ba tare da na ciji leɓe ba. A gefen ƙauyen akwai wani tsohon gidan sarauta da aka gina a shekarun 1870, wanda Jami'ar Giessen ke amfani da shi wajen taruka, kuma a nan ne ake tara ɗaliban da ke koyon binciken gani daga ƙasashe daban-daban, a zaunar da su kusan makonni biyu a ƙarshen bazara tare da manyan masanan fannin. A gidan ake kwana, a nan ake cin abinci, a nan kuma ake karatu, domin ƙauyen ba shi da wani wurin da mutum zai sulale ya tafi. Da farko na ɗauki wannan a matsayin takura, amma daga baya na fahimci cewa da gangan aka zaɓi wurin, saboda ɗalibin da ke jin nauyin ɗaga hannu a zauren lacca zai iske farfesan nan da safe yana shafa man shanu a burodi a teburin da shi ma yake zaune, kuma babu inda ɗayansu zai gudu.

Na je da aikin da nake alfahari da shi. A jami'armu ta gida na shafe watanni ina auna iyakar bambancin haske da duhu da idon mutum zai iya ganewa, ta hanyar nuna wa mutane ratsi-ratsi masu launin toka a allon kwamfutar tafi-da-gidanka, ina rage ƙarfin ratsin sannu a hankali har sai mutum ya ce ya daina gani. Wannan tsohuwar hanya ce, domin tun 1968 Campbell da Robson suka nuna a Kambirij cewa idon ɗan Adam ya fi kama ratsi masu matsakaicin faɗi fiye da manya ƙwarai ko sirara ƙwarai. Ni kuwa na kwatanta samari da dattawa, na kuma samu abin da na ɗauka babban sakamako ne: samarin duka sun tsaya a iyaka guda, kamar an yanka su da wuƙa ɗaya, alhali dattawan sun warwatsu, wasunsu ma har sun kusa kamo samarin.

A daren da aka ware domin ɗalibai su baje fostocin aikinsu, wata malama mai furfura ta tsaya gaban tawa ta daɗe tana dubawa, sannan ta yi mini tambaya guda cikin sanyin murya, ta ce da wace na'ura na auna hasken allon. Na amsa mata cewa na rubuta lambobin a cikin manhajar da kaina, kuma na duba da idona na ga ratsin suna raguwa daidai. Ba ta yi dariya ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Cewa ta yi in zo da kwamfutar bayan karin kumallo.

Washegari ta kawo na'urar auna haske, wata 'yar aba da ba ta wuce girman hannu ba, ta saita ta a kan allon, ta ce in cika allon da lamba 255, wato fari tas, sannan in sauke zuwa 128. A lissafina rabin lamba rabin haske ne, amma na'urar ta nuna kusan kashi 22 cikin ɗari na hasken farko. Dalilin shi ne allon kwamfuta ba ya mayar da lamba zuwa haske kai tsaye; yana bin wata lanƙwasa da ake kira gama, wadda ƙimarta a yawancin alluna ta kai kimanin 2.2, kuma sai an auna ta an gyara a cikin manhaja kafin a ce an san abin da ake nuna wa ido. Ma'anar wannan ita ce duk inda na rubuta bambancin kashi 1 cikin ɗari, abin da ya isa idon mutanena ya ninka haka fiye da sau biyu. Wannan kuskuren ana iya gyara shi da lissafi, amma na biyun ba shi da magani a bayanan da na riga na tattara. Allo na yau da kullum matakan toka 256 kawai yake da su, kuma taki ɗaya a tsakiyar tokar ya fi ƙarfin abin da lafiyayyen idon saurayi ke iya ganewa, wanda kan sauka ƙasa da rabin kashi ɗaya cikin ɗari. Ashe samarina ba su tsaya a iyaka guda ba, allon ne ya ƙare musu, domin ba shi da wani mataki mafi rauni da zai nuna. Abin da na auna na watanni iyakar kwamfutata ce, ba iyakar idon kowa ba. Ina tsaye a wurin kuma na tuna da wani abin da ban faɗa mata ba sai da yamma: duk lokacin da wuta ta ɗauke a ɗakin gwajinmu, kwamfutar kan koma kan batir ta rage hasken allo da kanta, ni kuwa in ci gaba da aiki kamar babu abin da ya sauya.

Hausawa na cewa ido ba mudu ba, amma ya san kima, kuma a kasuwa maganar gaskiya ce. A ɗakin gwaji kuwa rabin farko na karin maganar ne ke aiki, saboda ido ba a gina shi domin ya faɗi yawan haske ba. An gina shi ne domin ya kama bambanci tsakanin abu da maƙwabcinsa, ya kuma saba da duk hasken da ya tarar, tun daga tsakar rana har zuwa farin wata. Wannan baiwar da ke sa mutum ya gane farar riga fara ce a rana da inuwa, ita ce ke hana shi lura cewa allo ya dusashe. Wanda ke binciken gani yana amfani da abin da yake bincike wajen duba aikinsa, shi ya sa na ga masanan nan ba sa yarda da idanunsu ko kaɗan idan ana maganar awo. Har nisan zama suna aunawa: ana ɗora haɓar mutum a kan matokari santimita 57 daga allo, domin a wannan nisan santimita ɗaya a kan allo ya yi daidai da digiri ɗaya a fagen gani.

Batun dattawan ya fi ba ni kunya, kuma a laccar rana ta huɗu ko ta biyar na gano shi da kaina, ba tare da kowa ya nuna mini ba. Malamin yana bayani ne a kan ka'idar gano sigina, wadda Green da Swets suka tsara a 1966, wadda ke raba abu biyu da ake yawan cakuɗawa: ƙarfin idon mutum, da kuma saurin da yake yi wajen cewa ya gani. Idan ka tambayi mutum ko ya ga ratsi ko bai gani ba, amsarsa ta dogara ga idonsa da kuma halinsa, domin wani ba zai ce ya gani ba sai ya tabbata, wani kuwa da ya ji alama zai amsa. Nan take fuskokin dattawan da na gwada suka dawo mini. Mutane ne masu kara, sun ga yaro ɗan makaranta ya shimfiɗa musu kujera, ya gaishe su da ladabi, yana ta fama da na'ura, kuma ba sa son su ba shi kunya. Na tuna wani da nake tambaya, “Baba, yanzu fa?” shi kuwa yana amsawa, “Ina gani, ɗana, ci gaba,” har zuwa inda ni kaina ba na ganin komai a allon. A lokacin na rubuta cewa idonsa ya fi na tsaransa ƙarfi. Maganin da masana suka samo mai sauƙi ne: a daina tambayar ko an gani, a riƙa nuna ratsin ko dai a dama ko a hagu, a ce lallai mutum ya zaɓi ɗaya ko da canka zai yi. Mai canka zai dace a rabin lokuta, mai gani da gaske zai wuce haka, kuma kara ba ta da ƙofar shiga cikin wannan lissafi. A ganina wannan darasin ya fi shafar mu fiye da abokan karatuna na Turai, waɗanda galibi ɗalibai 'yan'uwansu suke gwadawa, ba iyayen wasu ba.

Ba duka kwanakin ne suka kasance na tonon asiri ba. An yi mana laccoci tun daga tantanin ido har zuwa sassan ƙwaƙwalwa, kuma wasu alƙaluman sun zauna mini: ƙwayoyin karɓar haske a ido ɗaya sun kusa miliyan ɗari, amma jijiyar da ke kai saƙo ƙwaƙwalwa zarenta bai wuce miliyan ɗaya da 'yan kai ba, wanda ke nuna cewa tun a cikin ido ake fara tace labari. An ba mu labarin Hubel da Wiesel, waɗanda a ƙarshen shekarun 1950 suka yi ta nuna wa kyanwa ɗigon haske ba tare da ƙwayar jijiyar da suke saurare ta motsa ba, sai da inuwar gefen gilashin da suke zurawa cikin na'urar haska ido ta ratsa tantanin idon kyanwar, ƙwayar ta ɓarke da harbi, daga nan suka gane cewa layi mai karkata ta musamman take jira. Sun sami kyautar Nobel a 1981. An kuma taɓo hoton rigar nan da ya raba kan jama'a a intanet a 2015, wasu na cewa shuɗi da baƙi, wasu fari da ruwan zinare, wanda masanan Giessen ɗin na cikin waɗanda suka yi bincike a kansa. Bambancin ya samo asali ne daga irin hasken da ƙwaƙwalwar kowa ke zaton ya faɗa kan rigar. Na ji daɗi da aka fara tarihin fannin da Ibnul Haisam, mutumin Basra da ya rubuta Kitabul Manazir a Alƙahira a farkon ƙarni na 11, wanda ya kafa hujja cewa haske ne ke shigowa ido daga abubuwa, kuma cewa gani ba ya kammala sai hankali ya yi hukunci a kan abin da ya shigo.

Wani darasin kuma a lambu na same shi. A wannan yankin almuru yana daɗewa, ba kamar namu ba da rana kan faɗi duhu ya rufe cikin ɗan lokaci, saboda haka ina zaune ina jiran lokacin magariba sai wata ɗaliba daga Cek ta ce in zuba wa wasu jajayen furanni ido. Ina kallo jan ya yi ta mutuwa har ya koma kusan baƙi, alhali ganyen da ke kewaye da su ya yi kamar ya ƙara haske. Ta ce ɗan ƙasarsu Purkinje ne ya bayyana wannan a 1825, kuma dalilinsa shi ne ƙwayoyin ganin rana suna miƙa aiki ga ƙwayoyin ganin dare, waɗanda kusan ba sa jin jan haske. Ni kuma na gaya mata cewa muna da kalma guda, dundumi, ga wanda ƙwayoyin darensa suka gaza har ba ya gani bayan faɗuwar rana, abin da ƙarancin sinadarin bitamin A kan haddasa saboda da shi ake ƙera launin da ƙwayoyin ke kama haske da shi. Ta sa na maimaita kalmar sau uku ta rubuta a littafinta.

A ranar ƙarshe malamar nan mai furfura ta zauna da ni ta rubuta mini abubuwan da zan yi a bayan takardar jadawalin abinci: in auna allon a matakai da yawa in zana lanƙwasarsa, in kunna shi ya ɗumama kafin a fara, in kashe duk wani saiti da ke sauya haske da kansa, in yi amfani da dabarar gauraya ɗigogi da ke cikin manhajar PsychoPy ko Psychtoolbox domin samun matakan toka da suka fi 256, in kuma sanya kaina mutum na farko da za a gwada. Tun daga tashar jirgin ƙasa ta Marburg na kira malamin da ke duba aikina a gida, na ce, “Malam, bayanan nan sai dai mu sake tattarawa daga farko.” Ya yi shiru na ɗan lokaci, ya tambaye ni ko na tabbata, na karanta masa lambobin da na'urar ta nuna, sai ya ce in dawo lafiya tukuna.

Mun aro na'urar auna haske daga sashen kimiyyar fiziks, na sayi baƙin yadi a kasuwa na rufe tagogin ɗakin, muka haɗa allon da injin ajiye wuta domin kada ɗaukewar lantarki ta sake taɓa shi. Sake aikin ya ci wata biyar. A sabon awon samarin sun warwatsu kamar yadda mutane ke warwatsuwa, tazarar da ke tsakaninsu da dattawa ta fito fili, kuma dattijon nan da ke ce mini ɗana ya dawo ya zauna, ya ɗora haɓarsa a kan matokari, yana danna dama ko hagu yana ƙorafin cewa wannan karon na hana shi magana.